Yadda Ake Zaɓen Gidan Abinci Na Alfarma Don Karrama Baƙo Ko Ƙaramar Walima: Jagora Ga Mutanen Zariya

Tambayar nan ta fi yawa idan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta sa ranar yaye ɗalibai, da bayan Sallah, da lokacin da aure ya yi yawa a gari: ina zan kai iyayena, ko surukaina, ko babban baƙo daga nesa, su ci abinci a mutunce ba tare da na ji kunya ba? Wani kuma uwargida yake son fitarwa don murnar cikar shekarun aurensu. Sunan wuri ɗaya ba zai amsa tambayar ba, domin gidan abincin da ya yi suna bana yana iya sauya mai dafuwa baɗi, komai ya lalace. Abin da zai yi maka amfani shi ne hanyar tantancewa, kuma ga ta daki-daki.

1. Fara da mutanen da za ka kai

Kafin ka buɗe waya ka fara kallon hotunan wurare, ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda za su je. Ka rubuta adadin manya da na yara daban. A gaban kowane suna ka sa abin da ya shafe shi: wannan yana da ciwon sukari, wannan hawan jini ne da shi ba ya son gishiri da yawa, Hajiya ba ta iya hawa bene saboda gwiwa, wance tana sa niƙabi ba za ta ci abinci a bainar jama'a ba, yaron nan gyaɗa ko jatan lande na tayar masa da ƙaiƙayi. Wannan takardar ita ce za ta kore maka rabin wuraren tun kafin ka taka ƙafa.

Sai irin taron. Fita ta mutum biyu tana son kusurwa mai shiru. Zama da surukai yana son ɗaki na daban ko aƙalla teburi biyu, domin a al'adarmu suruki da suruka ba sa sakewa su ci abinci suna kallon juna, kuma amarya ba za ta kai loma uku a gaban uban mijinta ba. Murnar kammala karatu kuwa hayaniya ce da hotuna, don haka wurin da ake magana ƙasa-ƙasa zai takura kowa.

Gargaɗi: a taronmu mutum ba ya zuwa shi kaɗai. Idan ka gayyaci goma, ka tsara da goma sha biyu ko sha uku, kada ka manta da direba.

2. A Zariya za a zauna ko tafiya za a yi?

A cikin Zariya, wuraren da za a iya kai baƙo sun fi taruwa a GRA, da Sabon Gari wajajen PZ, da Kongo, da hanyar Samaru. Da yawansu ɗakunan cin abinci ne na otal-otal. Cikin birni da Tudun Wada sun fi ƙarfi a abincin gargajiya da gashi, wanda ɗanɗanonsa ba ya da na biyu, amma wurin zama na alfarma bai cika yawa ba.

Wanda yake son abincin Labanawa, na Indiya ko na Sin a tsari sosai, galibi sai ya fita. Kaduna tana da nisan kusan kilomita 80, kuma unguwannin da ake dubawa su ne Unguwar Rimi, Malali da Barnawa. Kano kusan ninki biyu ce na wannan nisan, a can kuwa Nasarawa GRA da Bompai ne, inda gidajen abincin Labanawa suka daɗe da kafuwa. Abuja ita ce ta fi yawan zaɓi, a Wuse II, Maitama, Asokoro da Jabi, kuma ita ta fi tsada. Mai zuwa can zai iya barin mota a Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu.

Hukuncinmu a nan a fili yake: idan akwai tsofaffi ko ƙananan yara a tawagar, a zauna a Zariya. Abinci mai kyau matsakaici da aka ci cikin natsuwa ya fi na alfarma da aka iso masa a galabaice. Idan tafiyar ta zama dole, a mayar da shi abincin rana, a kamo hanya da la'asar.

Gargaɗi: kada ka tsara cin abincin dare a wani gari da niyyar dawowa Zariya a daren. Ko dai a kwana, a sa kuɗin masauki cikin lissafi, ko a ci da rana.

3. Yi lissafin gaskiya

Kuskuren da ya fi jefa mutane cikin kunya shi ne ɗaukar farashin faranti ɗaya a ninka shi da yawan mutane, a ce an gama. A manyan gidajen abinci farashin da ke cikin menu sau da yawa ba shi ne abin da za ka biya ba. Ana ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun shekarar 2020. Wurare da yawa suna ƙara kuɗin hidima, kashi 5 zuwa 10. A wasu jihohin ana iya ganin wani harajin na jiha a kan rasit. Sannan a irin waɗannan wuraren nama ko kifi kuɗinsa daban, shinkafa ko dankalin da za a ci da shi ma kuɗinsa daban.

Ga lissafi da lambobin misali kawai, kai sai ka sa na wurin da ka zaɓa. A ce ku takwas ne, babban abinci ₦14,000 kowane mutum, ya kama ₦112,000. Farfesu ko abin taɓawa faranti huɗu na tarayya a ₦6,000, ₦24,000 ke nan. Abin sha ₦3,000 kowa, wani ₦24,000. Jimla ₦160,000. Kuɗin hidima na kashi 10 zai ƙara ₦16,000, VAT kuma ₦12,000. An tashi a ₦188,000, ba a sa kek, ba a sa ruwan gora na biyu da na uku ba, ba a sa abin da za a ba mai gadin mota ba. Wanda ya zo da ₦112,000 a aljihu yana ganin ya shirya, ka ga inda ya tsaya.

Saboda haka, duk abin da lissafin menu ya ba ka, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Idan jimlar ta fi ƙarfinka, rage yawan mutane ko ka sauya wuri. Kada ka je da niyyar hana baƙi zaɓar abin da ransu yake so, domin za su gane.

4. Tace wurare zuwa uku

Tambayi mutanen da suka ci abinci a wurin cikin watanni biyu ko uku da suka wuce, kuma da kuɗinsu suka biya. Wanda aka gayyata ya ci kyauta ba ya ganin aibu. A Zariya, ma'aikatan jami'a da na asibitin koyarwa na Shika da ke yawan karɓar baƙi daga wasu garuruwa sun san inda ake kai mutum a fita kunya, haka ma masu shirya biki da masu ɗaukar hoto.

Idan ka duba Google Maps, bar adadin taurari, ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, ka karanta na masu ƙorafi. Mutum ɗaya ya ce an yi jinkiri ba komai ba ne. Mutum biyar su faɗi abu ɗaya a watanni daban-daban, to halin wurin ne. Hotunan da wurin ya sa da kansa a Instagram an ɗauke su ne ranar da komai yake sabo. Nemi waɗanda masu cin abinci suka ɗauka da wayoyinsu, a nan za ka ga ainihin girman faranti da yanayin kujeru.

5. Je ka gani da idonka

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Gani ya kori ji. Ka je a irin ranar da irin lokacin da za ku yi taronku. Wurin da yake tsit ranar Talata da hantsi yana iya komawa gidan kiɗa da hayaƙin shisha daren Asabar, kuma babu abin da ya kai ka shigo da surukinka cikin wannan yanayin muni.

Tun daga ƙofa ka fara lura. Akwai wurin ajiye mota a cikin katanga da mai gadi, ko a bakin titi ake bari? Daga mota zuwa teburi akwai matakala nawa? Da ka shiga, wane wari ne ya tare ka? Warin tsohon mai ko na danshi yana nuna kicin ɗin ba ya samun iska, ko ba a sauya man suya.

Zauna ka sayi abu biyu, ɗaya mai sauƙi kamar dafa-duka ko soyayyar shinkafa, ɗaya kuma mai nuna gwanintar mai dafuwa, kamar gasasshen kifi ko naman rago. Duba agogo daga lokacin da ka yi oda. Minti 20 zuwa 30 daidai ne ga abincin da aka dafa sabo. Idan abu mai wuyar dafuwa ya iso cikin minti biyar, ɗumame ne. Idan ya haura minti 45 alhali wurin ba cika ya yi ba, ka ƙiyasta abin da zai faru ranar da kuka zo ku goma sha biyu. Tsaga naman ko kifin ka taɓa tsakiyarsa: waje da zafi ciki da sanyi alama ce ta an ciro shi daga firiza an ɗumama a gaggauce.

Gwada ma'aikacin da ke yi maka hidima da tambaya: me aka sa a cikin wannan miyar? Wanda aka horar zai faɗa maka, ko ya ce bari ya tambayo kicin. Wanda ya ce komai akwai daɗi, bai san abin da yake kawowa ba. Nuna abubuwa uku ko huɗu a menu ka ji ko akwai su. Menu mai shafi goma da rabinsa "ya ƙare" ba wurin taro ba ne.

Shiga banɗaki, kuma ka sa wata ta duba na mata. Akwai ruwa a famfo, da buta, da sabulu? Gidan abincin da bai kula da banɗakin da baƙi ke gani ba, da wuya ya kula da kicin ɗin da ba sa gani. Tambayi wurin salla da na alwala, da ko mata suna da nasu, domin abincin dare yana cin karo da Magariba ko Isha'i.

Sai wuta. Idan an ɗauke wuta kana zaune, ka yi sa'a, ƙirga lokacin da za a ɗauka kafin a tayar da janareta, ka kuma ga ko yana jan na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai yake iyawa. A watannin Maris da Afrilu wannan shi ne bambancin walima da azaba. Wurin zama na waje kuma yana da lokacinsa: a Disamba da Janairu sanyin hunturun Zariya da ƙura za su sandarar da abinci kafin a kai rabi, a Agusta kuwa ruwa ba ya sallama.

Gargaɗi: kada ka gabatar da kanka a matsayin mai shirin kawo taro sai bayan ka ci ka biya. Idan suka sani tun farko, hidimar da za ka gani ba ita ce ta kullum ba.

6. Tambayoyin halal, a yi su kai tsaye

A yawancin gidajen abincin Zariya da Kano wannan ba ya zama matsala, amma a manyan otal-otal, da wasu wurare a Kaduna da Abuja, dole a tambaya, kuma babu rashin ladabi a ciki. Ana sayar da giya a wurin? Idan ana yi, a ɗaki ɗaya ne da masu cin abinci ko mashayar daban take? Ana dafa naman alade a kicin ɗin? Wannan ya fi shafar gidajen abincin Sin da na Turawa. Daga ina suke sayen nama, kuma yankan wa ne?

Akwai wanda ya fi ɓuya. Wasu miyoyin da ake zubawa a kan gasasshen nama irin na Turawa da jan giya ake haɗa su, wasu kayan zaƙin ma ana ɗiga musu barasa. A sashen abin sha kuma akwai haɗe-haɗen lemo masu kama da juna, wani da barasa wani babu. Ka gaya wa manaja a fili cewa teburinku ba a kawo masa komai mai giya, ko a miya ko a kofi.

7. Tsayar da abin da za a ci

Hanya uku ce. Kowa ya zaɓa daga menu, wannan ya dace da mutum biyu zuwa shida. Ko a tsayar da abinci tun kafin ranar, wanda shi ne daidai ga mutum takwas zuwa sama. Ko bufe, inda ake biyan kuɗin kai ɗaya kowa ya ɗiba, ya fi dacewa da matasa da taron kammala karatu, amma dattijo ba ya jin daɗin bin layi da faranti a hannu. Idan bufen ne, a sa wani ya zubo wa manya.

Ga taro mai yawa, zaɓi kala biyu na shinkafa, nama iri biyu, kifi ɗaya, salak, a kawo su cikin manyan tire a tsakiya. Hakan yana sa abinci ya iso lokaci ɗaya. Idan mutum goma sha biyu suka yi oda goma sha biyu daban-daban, na farko zai gama ci na ƙarshe bai ga nasa ba, kuma sau da yawa babban baƙon ne ake bari yana jira.

Ka tanadi abin da dattawa suka saba. Tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko sinasir, ko farfesun kayan ciki mai zafi sun fi faranta musu rai a kan abincin da ba su san sunansa ba. Idan wurin ba ya yi, tambaya ko za su yarda a kawo daga gida a zuba a farantansu. Wasu suna yarda, wasu da ɗan kuɗi. Haka batun kek: wurare da yawa suna karɓar kuɗi idan daga waje aka kawo shi, a tambaya tun wuri.

Gargaɗi: gasasshen naman sa irin na Turawa ana tambayar yadda ake son dahuwarsa. Idan ba a faɗa ba ana iya kawo shi da ja a ciki, kuma yawancin mutanenmu ba za su taɓa shi ba. A ce a gasa shi ya dahu sosai. Yaji ma a ce a kawo shi a gefe.

8. Kama wuri a rubuce

Mutum biyu zuwa huɗu, kwana biyu ko uku sun isa. Taron goma zuwa sama, mako ɗaya zuwa biyu. Idan ranar ta faɗo makon yaye ɗaliban ABU, ko ranar faretin yaye sababbin sojoji a Depot, ko kwanakin Sallah, ko buɗe-baki a watan azumi, a kama tun da saura makonni uku, domin a irin waɗannan ranakun otal-otal da gidajen abincin garin cika suke yi.

Da manaja za ka yi magana, ba da wanda ya ɗaga waya kawai ba. Abin da za ka ce bai wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, mu goma sha biyu ne, ranar Asabar bayan Isha'i, ƙarfe takwas. Akwai iyayenmu a ciki, muna son ɗakin ƙasa, teburin mata daban. Don Allah a rubuto mini abincin da muka tsayar da jimlar kuɗin, har da haraji da kuɗin hidima." Sai ya turo maka ta WhatsApp, ka ajiye saƙon.

Za su nemi kafin alƙalami, sau da yawa wani kaso na jimlar. Ka tura shi asusun da ke ɗauke da sunan gidan abincin, ka karɓi rasit. Kafin ka tura, a fayyace abu uku: idan an fasa ko an ɗaga ranar, nawa za a mayar, idan mutane sun ragu, sai yaushe za a iya sanar da su, ɗakin na daban yana da kuɗinsa, ko akwai mafi ƙarancin abin da dole a kashe a cikinsa.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗi zuwa asusun wani ma'aikaci da sunansa, ko zuwa lambar da ka gani a shafin sada zumunta ba ka tabbatar da ita a wurin ba. Ana buɗe shafukan bogi da sunan wuraren da suka yi suna.

9. Ranar taro

Kira gidan abincin da safe ka tabbatar. Kai mai gayya ka riga kowa isa da minti 30, ka duba teburi, ka ga an kunna sanyi, ka san ma'aikacin da aka ba ku da sunansa. Ka gaya masa wane ne babban baƙo domin a fara da shi, ka kuma ja masa kunne cewa takardar kuɗi kai kaɗai za a kawo wa, a gefe.

Lissafa hanya. Mai tahowa daga Samaru zuwa Sabon Gari ko GRA da yamma sai ya ratsa cunkoson Kwangila, mai fitowa daga cikin birni kuma ranar hawan Sallah ya san hanyoyin fada da Ƙofar Doka ba sa motsi. Faɗa wa baƙi lokacin da ya riga wanda ka ba kicin da rabin awa. Abincin da aka tsayar tun farko ana dafa shi ne a kan lokaci, idan aka makara awa ɗaya a sanyaye za a ci shi, kuma laifin ba nasu ba ne.

A zaunar da dattawa nesa da ƙofar kicin da lasifika, kuma kada iskar na'urar sanyi ta riƙa dukan su kai tsaye. Idan an jera cokula da wuƙaƙe da yawa, ana farawa da na waje a shigo ciki. Wanda ya fi son ci da hannu a nemo masa ruwan wanke hannu, tuwo dai ba a cin sa da cokali mai yatsu.

Idan wani abu ya zo ba daidai ba, nama bai dahu ba ko an kawo abin da ba a ce ba, a mayar da shi nan take kafin a ci rabi. Tashi ka sami manaja a gefe, kada ka yi wa ma'aikaci tsawa a gaban baƙi, domin baƙin ne za su fi jin nauyi.

10. Biyan kuɗi

Tashi kamar za ka wanke hannu, ka je ka biya kafin a gama shan shayi. Karanta takardar layi-layi ka gwada ta da saƙon da manaja ya turo. Abubuwan da aka fi samun kuskure a kansu su ne yawan gorunan ruwa da lemo, abincin da aka mayar amma ba a cire shi ba, da kafin alƙalamin da aka manta ba a zare ba. Idan an riga an sa kuɗin hidima, abin da za ka ba ma'aikaci a hannu kyauta ce ta ganin dama. Idan ba a sa ba kuma ya yi ƙoƙari, ka ba shi a hannunsa.

Ka zo da hanyar biya biyu, katin banki biyu na bankuna daban-daban, ko kati da tsabar kuɗi. Na'urar POS da tiransifa suna yawan maƙalewa da dare da ƙarshen mako. Idan an cire kuɗi a asusunka amma na'urar ta nuna bai shiga ba, karɓi ɗan rasit ɗin da ta fitar, ka ɗauki hotonsa, sannan ka biya ta ɗaya hanyar, da shi za ka bi kuɗinka a banki. Abincin da ya ragu kuma a ce a zuba shi a roba, tun da an biya kuɗinsa, a fara ba direba da mai gadi nasu kafin a sa sauran a mota.